Digirin ilimin kwamfuta: shekara sittin tsakanin tsada da araha

Sana'ar rubuta wa kwamfuta umarni ta girmi digirin da ake bayarwa a kanta. Lokacin da aka nuna wa jama'a ENIAC a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, a watan Fabrairu na 1946, injin ya cika babban ɗaki, nauyinsa kuma ya tasam ma tan 30, amma mata shida ne kawai aka damƙa wa aikin tsara masa umarni. An ɗauko su daga cikin ma'aikatan da ke yi wa soja lissafin tafiyar harsashin igwa da hannu. Babu wadda ta taɓa zama a ajin da ake koyar da wannan aiki, domin ajin bai wanzu ba tukuna. Da zanen wayoyin injin suka koya wa kansu.

Haka abin ya ci gaba a shekarun 1950. Kamfanoni irin su IBM da suka rasa inda za su samo ma'aikata sai suka ƙirƙiro jarrabawar gwajin basira, suka riƙa ɗaukar malaman lissafi, da masu kiɗa, da gwanayen darar Turawa, a koya musu aiki cikin ƴan makonni ko watanni. Abin lura a nan shi ne wanda ke biyan kuɗin horon. A wancan zamani uban gida ne ke ɗaukar nauyin koyarwa, ya kuma yi haƙuri da kurakuran sabon shiga. Bayyanar digiri ta sauke wannan kaya daga kan kamfani ta ɗora shi a kan ɗalibi da iyayensa da gwamnati. Tun daga nan tambayar ko takardar ta biya kuɗinta ta zama tambayar iyali.

Jami'ar Kambirij ta Ingila ce ta buɗe ƙofa a 1953 da difloma ta shekara guda ga waɗanda suka riga suka gama jami'a. A Amurka kuwa, Jami'ar Purdue ta kafa sashen ilimin kwamfuta na farko a 1962. Ba a yi masa lale marhabin a ko'ina ba. Manyan malaman lissafi da dama na ganin aikin makanikai ne aka shigo da shi zauren ilimi, injiniyoyin lantarki kuma na ganin reshe ne nasu aka sare. Sai a 1968 ƙungiyar masana ta ACM ta fitar da tsarin karatu da jami'o'i suka yi ta kwaikwayo, inda ta ɗora fannin a kan lissafi, da fasalin adana bayanai, da algoritim, wato hanyar warware matsala daki-daki. Wannan kalma, ga mai son asali, daga sunan Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi ta fito, masanin lissafin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. A shekarar karatu ta 1970 zuwa 1971, waɗanda suka sami digirin farko a fannin a duk faɗin Amurka ba su wuce 2400 ba.

Abubuwa biyu suka ba takardar daraja. Na farko, manyan ayyukan manhaja sun fara gagarar masu su: a wuce wa'adi, a ninka kasafi, a ƙarshe abin ya ƙi aiki. Masana sun taru a garin Garmisch na Jamus a 1968 don tattauna wannan matsala, suka yarda cewa iya harshen inji kaɗai bai isa ba. Na biyu, a 1969 IBM ta raba farashin manhaja da na inji. Abin da ake bayarwa gyara a da ya zama haja, kuma duk haja tana buƙatar masu ƙera ta.

A ɓangaren masu magana da Faransanci hanyar ta bi ta hannun gwamnati. Kalmar ordinateur an ƙirƙira ta a 1955, informatique kuma, wadda ta zama anformatik a bakin mutanen Nijar, Philippe Dreyfus ne ya fito da ita a 1962. Bayan kamfanin Amurka General Electric ya sa hannu a kan kamfanin Bull na Faransa a 1964, Janar de Gaulle ya ƙaddamar da shirin ƙasa na ƙera kwamfuta a 1966, shekarar da aka kafa makarantun fasaha na IUT masu horon shekara biyu. Ƙasashen Afirka da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun bi sawu. A watan Janairu na 1971, shugabannin ƙungiyar OCAM da suka hallara a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka yanke shawarar kafa makarantar anformatik ta haɗin gwiwa, IAI, a Librabil ta ƙasar Gabon. Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka mallake ta. Ana shiga ta hanyar jarrabawar gasa, kowace ƙasa da ƴan gurabenta, kuma wanda ya fito ya san inda za shi: lissafin albashin ma'aikata, haraji, duwan, ƙidayar jama'a, bankuna da kamfanonin gwamnati. Mai horarwa da mai ɗauka aiki hannu ɗaya ne, don haka ba a maganar kasuwa.

A Amurka kuwa kasuwa ce alƙali, kuma a can ne aka fi ganin yadda farashin takardar ke hawa da sauka. Fitowar ƙananan kwamfutocin tebur, Apple II a 1977 da ta IBM a 1981, ta ja matasa kamar zuma da ƙuda. Yawan masu kammalawa ya kai wajen dubu 42 a 1986. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ya faɗo zuwa wajen dubu 24. An daɗe ana cewa matasa ne suka gaji da fannin, amma Eric Roberts na Jami'ar Stanford, wanda ya bibiyi tarihin, ya nuna cewa jami'o'in ne suka rufe ƙofa. Malamai ba su isa ba, domin kamfanoni na biyan masu babban digiri abin da jami'a ba ta iya biya. Sai aka tsaurara sharuɗɗan shiga, aka mayar da darussan shekarar farko rariya. Waɗanda suka taɓa kwamfuta a gida suka wuce, sauran suka koma wasu fannoni. A daidai wannan lokaci ne rabon mata, wanda ya kai kashi 37 cikin 100 a 1984, ya fara zamewa, har ya sauka zuwa wajen kashi 18 a ƙarshen shekarun 2000. Sana'ar da mata shida suka buɗe ta koma fagen maza ba tare da wata doka ta ce haka ba.

Ƴan ƙalilan da suka daure suka shiga a 1991 da 1992, lokacin da ajujuwa suka yi fayau, sun fito a 1995 da 1996, daidai lokacin da intanet ta buɗe wa kowa. Su aka yi ta rububi. A kan wannan aka ƙara matsalar shekarar 2000: tsoffin manhajojin bankuna da ma'aikatu na rubuta shekara da lamba biyu kawai, aka ji tsoron kada su ɗauki 2000 a matsayin 1900. Gyaran ya buƙaci hannaye fiye da waɗanda ake da su, har majalisar Amurka ta ɗaga adadin bizar ƙwararrun baƙi daga dubu 65 a shekara zuwa dubu 115, daga baya zuwa dubu 195. Kamfanonin Indiya irin su TCS da Infosys sun sami ƙofar shiga kasuwar duniya ta wannan gyara, kuma ba su sake fita ba.

Matasa suka ga albashi, suka ga ƴan shekara ashirin da ƴan kai na zama masu miliyoyi, suka yi dafifi. Ranar 10 ga Maris na 2000 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nasdaq ya kai maki 5048. Zuwa Oktoba na 2002 ya zubar da fiye da kashi uku cikin huɗu na darajarsa, ɗaruruwan kamfanonin intanet suka rufe. Ɗalibin da ya yi rajista a 2000 bai fito ba sai 2004, kuma a wannan shekara ce Amurka ta yaye mutum wajen dubu 59, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba, cikin kasuwar da ta riga ta watse.

Manomin albasa a Galmi ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. Shekarar da buhu ya yi tsada kowa sai ya faɗaɗa fili, girbi ya zo lokaci guda, farashi ya faɗi ƙasa warwas. Masu asara su ja baya, baɗi kuma albasa ta yi wuya. Masana tattalin arziki sun san wannan juyi tun shekarun 1930, kuma Richard Freeman na Harvard ya nuna a 1976 cewa haka yake faruwa ga sabbin injiniyoyi. Bambancin kawai shi ne tsawon jira. Manomi na jiran watanni, ɗalibi kuwa shekara uku zuwa biyar, kuma ba shi da rumbun da zai adana amfaninsa har farashi ya gyaru. Da farashin ranar shiga yake yanke shawara, da farashin ranar fita ake biyansa.

Bayan 2002 sai aka juya wa fannin baya. Jaridu suka cika da labarin cewa duk aikin rubuta manhaja zai ƙaura Indiya, iyaye suka hana ƴaƴansu, masu niyyar karanta fannin suka ragu da fiye da rabi cikin shekara huɗu. A 2009 masu kammalawa sun sauko zuwa wajen dubu 38. Amma a cikin waɗannan shekaru na tsoro ne aka kafa Facebook a 2004, Amazon ta fara ba da hayar manyan injinanta ta intanet a 2006, iPhone ta fito a 2007, Android a 2008. Wanda ya toshe kunne ya shiga a 2007 ya fito a 2011 ya tarar kamfanoni na layi a ƙofar jami'a. Karo na biyu ke nan da masu shiga a lokacin araha suka ci ribar tsada.

A nan ya kamata a tsaya a kan wata magana da ake yawan jefa wa malamai: ai Bill Gates da Mark Zuckerberg ba su gama jami'a ba. Gaskiya ne, sai dai Harvard suka bari, ba titi suka fito ba, kuma makarantar sakandaren da Gates ya yi tana da hanyar amfani da kwamfuta tun 1968, lokacin da jami'o'i da yawa a duniya ba su da ita. Mutum biyu ba su isa a auna miliyoyi da su ba.

Yayin da Amurka ke wannan hawa da sauka, ɗan Nijar mai takardar anformatik ya sha nasa juyin, wanda ba kasuwar hannun jari ta kawo ba. Kuɗin yuraniyom na ƙarshen shekarun 1970 ne ya ba gwamnati ƙarfin ɗaukar duk wanda ta horar. Da farashin ya karye a farkon shekarun 1980, ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya a 1983, aka shiga tsuke bakin aljihu, ɗaukar aiki kai tsaye ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama tarihi. Zanga-zangar ɗalibai ta 9 ga Fabrairu na 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, wadda aka zubar da jini a cikinta, tana da nasaba da wannan matsi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk injin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗinsa dare ɗaya. Fanni ne da ba a koyonsa da alli da allo kaɗai, don haka bugun ya same shi fiye da tarihi ko shari'a.

Sauƙi ya zo ta wata ƙofa. Intanet ta iso a rabin ƙarshe na shekarun 1990, kamfanin Celtel ya fara aikin wayar salula a 2001, Orange ta biyo a 2008. Bankuna suka ƙaru, kamfanonin aika kuɗi suka bazu har ƙananan garuruwa, ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa suka buƙaci masu kula da bayanai. IAI ta buɗe reshe a Yamai, kamar yadda ta yi a Kamaru da Togo. An buɗe makarantun IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2008, suka zama ginshiƙin jami'o'in da aka kafa a waɗannan birane a 2010. Makarantu masu zaman kansu kuma suka yawaita, kowace da allonta a bakin titi.

Wannan yalwa ta zo da ruɗani wanda malamai da masu ba ɗalibai shawara suka fi kowa saninsa. Kalmar anformatik ɗaya ce, amma sana'a uku take rufewa. Akwai iya buga takarda da jera lissafi a Word da Excel, wanda ake koya cikin wata uku, kuma wanda darajarsa ta zube tun da kowane sakatare ya iya. Akwai gyaran inji da haɗa layukan sadarwa, sana'a mai ci, amma wadda yaron shago mai hannu ke iya ƙwace wa mai difloma. Sannan akwai ilimin kansa, mai tushe a lissafi, wanda shi ne Purdue ta buɗe wa sashe. Iyaye da yawa sun sayar da dabba ko amfanin gona suna zaton na ukun suke saya, aka miƙa musu na farko a cikin kyakkyawar takarda. Masu ɗauka aiki kuwa, da suka gane, sai suka koma abin da IBM ta yi a shekarun 1950: a ajiye takarda gefe, a zaunar da mutum gaban inji a ga abin da zai yi. Wanda bai sami gurbi ba yakan ƙare a bautar ƙasa, ko koyarwa a matsayin ɗan kwantaragi, ko shagon buga takardu kusa da kotu ko jami'a.

Guguwa ta uku a Amurka ta fi na baya girma nesa ba kusa ba. Tsakanin 2006 da 2015 ɗaliban fannin a manyan jami'o'i sun ninka fiye da sau uku, a 2021 masu kammalawa suka haura dubu 100 a shekara. Aka kuma buɗe makarantun horon gaggawa masu alkawarin aiki bayan wata uku. Annobar korona ta 2020 ta tura ciniki da karatu da taro zuwa intanet, manyan kamfanoni suka ɗauki ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa a Maris na 2022, sai lissafi ya sauya. Meta, uwar Facebook, ta sallami mutum dubu 11 a Nuwamba na wannan shekara. A Janairu na 2023 Amazon ta sanar da dubu 18, Google dubu 12, Microsoft dubu 10. Alƙaluman da reshen babban bankin na New York ya fitar a 2025 sun nuna rashin aiki a tsakanin sabbin masu digirin kwamfuta ya kai kashi 6 da ɗoriya cikin 100, sama da na wasu fannonin da ake yi wa kallon ba su da kasuwa. Jaridu sun yi ta yayata wannan adadi. Ba su cika ambaton ɗaya rabin teburin ba: waɗanda suka sami aikin na cikin masu mafi girman albashin farko, wajen dala dubu 80 a shekara, kuma ƙasa da kashi 20 ne ke yin aikin da bai buƙaci digiri ba, alhali a tsakanin sabbin masu digiri gaba ɗaya adadin na wajen kashi 40.

Sabon abin da ya shigo wannan karo shi ne ƙirƙirarriyar basira. GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba na 2022 sun nuna cewa inji na iya rubuta manhaja da kansa idan aka yi masa bayani da harshen mutane. An sha yi wa sana'ar ta'aziyya tana raye. Waɗanda suka ƙera harshen FORTRAN, wanda ya fito a 1957, sun yi hasashen zai kusan kawar da wahalar rubuta umarni da neman kuskure. COBOL, na 1959, an tsara shi ya yi kama da Ingilishi don manajoji su iya karantawa. A 1982 James Martin ya wallafa littafi sukutum a kan ƙera manhaja ba tare da masu rubuta ta ba. Kowane karo aikin ya yi sauƙi, farashinsa ya sauka, masu buƙata suka ƙaru, ma'aikata suka ƙaru tare da su. COBOL ɗin ma bai mutu ba: a Afrilu na 2020 gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, domin injinan biyan marasa aiki sun cije.

Amma tarihi ba takardar lamuni ba ne. Abin da sabuwar na'urar ta fi ƙwarewa a kai shi ne ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, kuma a matakin shiga ne ƙofa ta fi ƙuntata. Alamar hakan ta bayyana tun kafin ChatGPT, kuma a Afirka aka fara jin zafinta. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya gina kasuwancinsa a kan zaɓo haziƙan matasa, ya horar da su da kuɗinsa, ya ba da hayarsu ga kamfanonin Amurka su yi aiki daga gida. Gidauniyar Zuckerberg da matarsa ta zuba masa jari a 2016, aka riƙa buga misali da shi a tarurruka daga Yamai har Nairobi, a matsayin hujjar cewa mai kwamfuta da layin intanet ba ya buƙatar biza. A watan Satumba na 2019 kamfanin ya sanar da rabuwa da ƙananan injiniyoyi wajen 420 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ya rufe shirin horon a waɗannan ƙasashe, ya ce daga nan gogaggu zai riƙa nema. Dalilin da shugabansa ya bayar shi ne jami'o'i da makarantun gaggawa na Amurka sun cika kasuwarsu da sabbin hannu, har masu haya ba su da sauran buƙatar nemo su daga ƙetare.